Darasi na 7: Shan Kwana da Babur a Hanyoyin Adar

Wanda ya koyi tuƙin babur a filin ƙwallo yakan ɗauka ya gama iyawa. Ya san tayar da inji, yana sakin kuloci babur bai mutu ba, yana sa giya har ta huɗu. Sai ranar da aka aike shi Kaita ko Garhanga, hanya ta bi gindin dutse ta karkace, a nan zai gane cewa miƙaƙƙiyar hanya kowa ma gwaninta ne. Ƙasarmu ta Adar tudu ce da gangare, dutse da ƙorama, kuma hanya ba ta ratsa dutse, zagaye shi take yi. Daga Tamaske ko Tawa ka nufa, ko Kaita, ko ka zarce Buza har Madawa, ba za ka yi nisa ba sai ka sha kwana. Hanyoyin karkara da aka buɗe zamanin Furojen Kaita, wanda aka fara a 1984 da taimakon ƙasar Italiya da hukumar FAO, su ma haka suke, suna bin yadda ƙasa ta kwanta.

Abin da wannan darasi yake so ka riƙe guda ɗaya ne: aikin kwana ana gama shi ne tun ba a shige ta ba. Sauran bayanin duk dalilan wannan magana ne.

Tiya ɗaya ce

Sunkuya ka dubi tayar babur ɗinka inda ta taɓa ƙasa. Wurin bai kai tafin hannunka ba. Biyu ne irinsa, na gaba da na baya, kuma su kaɗai ne suka haɗa ka da ƙasa, kai da babur da buhun da ka ɗauro da wanda ka goyo. Ƙarfin da taya take kama ƙasa da shi yana da iyaka.

Ɗauke shi kamar tiyar hatsi ɗaya a gida mai baki uku. Birki yana ci daga cikinta, jan mai yana ci, kwana ma tana ci. In babur yana tsaye sak a miƙaƙƙiyar hanya, kana iya bai wa birki tiyar gaba ɗaya. In ka kwantar da shi cikin kwana, to kwana ta riga ta ɗebi rabonta, abin da ya rage wa birki kaɗan ne. Ka damƙe birki da ƙarfi a wannan hali, ka nemi abin da babu, sai taya ta saki ƙasa. In ta baya ce ta saki, wani lokaci gwani yakan ceto kansa. In ta gaba ce, kafin ka ce kwabo kana ƙasa.

Kuma girman tiyar ba ɗaya ba ne ko'ina. A busasshen gudron, irin na babbar hanyar RN1 da ta ratsa Madawa da Galmi zuwa Birnin Ƙonni, cike take. A hanyar jar ƙasa mai tsakuwa ta ragu ƙwarai. A yashi ko taɓo, ɗan abin da ke gindin ƙwarya ne. Tayar da zanenta ya suɗe, ko wadda iskarta ta yi ƙasa, ko wadda mai faci ya ɗura wa iska har ta zama kamar dutse, ita ma tana rage awo.

Lissafin gudu

Mutane da yawa suna zaton in ka ninka gudu sau biyu, wahalar kwana ma sau biyu take ninkuwa. Sau huɗu take ninkuwa. In ka ninka gudu sau uku, ta ninku sau tara. Ko daga kilomita 30 a awa zuwa 40, wanda a jiki ba ka jin wani bambanci, abin da kwana take nema daga taya ya kusa ninkuwa biyu.

Ga misali. Kwanar da in aka cika zagayenta zai zama da'ira mai mita 30 daga tsakiya zuwa baki, in ka shige ta da gudun kilomita 30, babur zai ɗan karkata ne kawai, kamar digiri 13. Ka shigi wannan kwana da kanta da gudun 60, dole babur ya kwanta kusan digiri 43, wato kusan rabin hanya tsakanin tsayuwa da kwanciya ƙasa. A gudron mai kyau da sabuwar taya, gwani zai iya fita da ƙyar. A tsakuwa babu gwanin da zai iya, domin ba hannunsa ne zai gaza ba, ƙasa ce.

Sai kuma lissafin lokaci. A gudun 40, kowace daƙiƙa kana cin mita 11. A gudun 60, kusan mita 17. Tsakanin ido ya ga jaki a hanya da hannu ya kai ga birki, daƙiƙa guda takan wuce. Wannan tazarar ka riga ka cinye ta babur bai ko fara rage gudu ba.

Kafin kwana

Da zarar ka hango hanya ta karkata, saki mai, ka duba madubi, ka kama birki biyu tare tun babur yana tsaye sak. Akwai wata al'ada da ta yi yawa a tsakanin masu koyo, har da wasu tsofaffin ƴan kabu-kabu: tsoron birkin gaba. Za ka ji ana cewa shi ke kayar da mutum, har wani ya bar wayarsa a tsinke wata da watanni. Gaskiyar magana, a hanya mai kyau birkin gaba shi ke yin mafi yawan aikin tsayawa, wajen kashi 70 cikin 100, domin nauyi gaba yake komawa in an rage gudu. Fizga ce ke kayarwa. Matsa shi sannu, kamar mai tatsar akuya, ka ƙara ƙarfi a hankali.

Sannan ka sauko da giya zuwa wadda ta dace da gudun da ka rage, ta uku ko ta biyu, ka saki kuloci gaba ɗaya kafin ka fara karkata. Kada ka shiga kwana da kuloci a riƙe, kada kuma ka canza giya a tsakiyarta. Babur da injinsa ke riƙe da tayar baya ya fi natsuwa.

A nan sai mu tsaya kan wani hali da tsadar mai ta koya wa mutane. In an zo gangare, sai a kashe inji ko a sa firi, a bar babur ya gangara da kansa. Man da aka tsira da shi bai cika cokali nawa ba, amma an zubar da birki na uku, wato injin da kansa, wanda ke riƙe babur in yana cikin ƙaramar giya. Yawancin baburan da ke hannunmu birkinsu na ganga ne, kuma in aka daɗe ana danne shi a dogon gangare yakan yi zafi ya daina kamawa sosai. Sau da yawa kuma a ƙarshen gangaren ne kwana take, ko ƙorama, ko duka biyun. Giyar da za ka hau tudu da ita, da ita za ka sauko.

Wane gudu ne ya dace? Allon da ke gefen hanya ba ko'ina yake ba, don haka ga ma'auni da kullum yake tare da kai: gudun da za ka iya tsayawa cikin iyakar abin da idonka yake gani, kana gefenka na hanya. In dutse ko katanga ko gero ya tare maka gani bayan mita 20, to gudun mai tsayawa cikin mita 20 shi ne naka. A damina gero da dawa sukan rufe kwanar da da rani kake hango bayanta tun daga nesa. A kwarin Majiya ma layukan dogon yaro da aka fara dasawa tun 1975 don tare iska suna tare ido. Hanya ɗaya ce, amma gudun watan Agusta daban da na watan Maris.

Babur yana bin ido

Wannan abu sai ka gwada za ka yarda. Inda ka kafa ido, can babur zai kai ka. Mai koyo ya ga dutse a bakin kwana, tsoro ya kama shi, ya zuba wa dutsen ido don kada ya buge shi, sai ga shi a kan dutsen. Ba sammu ba ne. Kai ne ke bin ido, kafaɗa ta bi kai, hannu ya bi kafaɗa.

Saboda haka juya kanka gaba ɗaya, ba ƙwayar ido kaɗai ba, haɓarka ta nuna inda hanya ta fita. Kada ka dubi tayar gaba. In akwai rami ko kashin shanu, ka gan shi, ka ɗauke ido, ka dubi sararin da ke gefensa inda kake son bi. Kuma ko babur ya karkata, kanka ya tsaya daidai da shimfiɗar ƙasa, don kada gani ya rikice maka.

Sirrin hannu

Wani saurayi yana koyon gyara a wurin kawunsa, ya taɓa tambaya:

"Kawu, ni in na zo kwana ina kwantar da jikina iyakar ƙarfina, amma moto ba shi biyo ni. Mi ke faruwa?"

"Ɗana, da wane hannu kake tuƙi?"

"Da duka biyu mana, Kawu."

"To je ka hanyar bayan gari, inda babu kowa. Ka kai gudun talatin, ka ɗan tura hannun dama gaba, kaɗan dai, ka zo ka faɗa mini inda ya nufa."

Yaro ya dawo baki buɗe, domin dama babur ya nufa. A tunani, tura hannun dama gaba ai juya kan babur hagu ne. Haka ne kuwa. Abin da ke faruwa shi ne, tayar gaba takan ɗan kauce hagu na ƙiftawar ido, ta fita daga ƙarƙashin nauyinka, sai babur ya faɗa dama, karkatar kuma ita ke shan kwana. Duk mai tuƙa keke ko babur yana yin haka bai sani ba. Wilbur Wright, ɗaya daga cikin ƴan'uwa biyu na Amurka da suka tashi jirgin sama a 1903, mai sana'ar keke ne kafin nan, kuma ya lura cewa mahaya keke suna yin wannan abu amma in an tambaye su ba su san suna yi ba.

Amfanin sani shi ne, ranar da kwana ta matse fiye da yadda ka zata, ka san abin yi: ƙara tura hannun da ke ɓangaren kwanar. Dama za ka, tura dama. Hagu za ka, tura hagu. Gaba ake turawa, ba ƙasa ake dannawa ba, kuma da taushi. Gwiwar hannu a lanƙwashe, kafaɗa a sake, cinyoyi su rungumi tanki. Wanda ya sandare hannuwa ya hana babur yin aikinsa.

Wannan duk a gudun da ya wuce na sassarfa ne. A cikin lungun gari ko kasuwa, inda kake tafiya kamar mai tafiya ƙasa, kan babur ake juyawa inda ake so, jiki a tsaye, ƙafa tana ɗan taɓa birkin baya, hannu kuma nesa da na gaba.

Da babur ya karkata, riƙe mai daidai, kada ka saki gaba ɗaya, kada ka fizga. Sai ka hango mafita ta miƙe, sannan ka ƙara a hankali, babur zai miƙe da kansa.

Ta ina za a bi?

A Nijar hannun dama ake bi, haka ma a Nijeriya tun 1972. Yanke kwana, wato shiga gefen masu tahowa don a taƙaita hanya, shi ne mafi munin abin da za ka koya daga masu gaggawa.

A kwanar hagu, tsaya can wajen damanka, kada ka yi saurin faɗawa ciki. Ka tuna ko tayarka tana gefenka, in ka karkata hagu kanka yana iya leƙawa gefen wasu, kuma motar da ta ɗauko albasa ba ta da inda za ta kauce. A kwanar dama, in ka manne da bakin hanya tun daga farko ba za ka ga komai ba, kuma kwanar za ta tura ka tsakiya wajen fita. Ɗan matso daga baki don gani ya buɗe, ka jinkirta juyawa har ka hango mafita. Amma a ƙuntatacciyar hanyar da dutse ya rufe, kada ka kusanci tsakiya ko kaɗan, domin manyan motoci can suke bi. Danna oda tun kafin ka shiga. Amalanken jaki ba shi da fitila, garken awaki ba ya jin oda, yaron da ya biyo su ma ba hanya yake kallo ba.

Tsakuwa, yashi, gargada

Littattafan tuƙi na ƙasashen waje a gudron suke magana. Mu kuwa rabin tafiyarmu ko fiye a jar ƙasa take, kuma dokar tana ɗan canzawa.

Tayoyin mota suna share tsakuwa su tara ta wuri uku: tsakiyar hanya da bakinta biyu, musamman bakin waje na kwana. Bi sawun mota, inda ƙasa ta daddale. Rage gudu fiye da yadda kake ganin ya kamata, don babur ya sha kwanar kusan a tsaye. Birkin gaba a tsakuwa da ɗan yatsa biyu ake taɓa shi, shi ma kafin kwana. Danna ƙafarka ta waje a kan matakinta. Kada ka riƙa jan ƙafa a ƙasa kana cikin gudu, balle da silifa: dutse ɗaya ya isa ya karya idon sawu.

Gargada kuma wata aba ce. Direbobi sukan ce a taka da gudu don a daina jin girgiza, kuma gaskiya girgizar takan ragu. Dalilin raguwar shi ne taya tana tsallake ramukan, rabin lokaci a iska take. Tayar da ke iska ba ta birki, ba ta shan kwana.

A yashi kan babur zai riƙa rawa. Bar shi ya yi rawarsa, kada ka yi kokawa da shi, koma da nauyinka baya kaɗan, ƙaramar giya, mai daidai, ido can gaba. In ka saki mai farat ɗaya, tayar gaba ta nutse. Wurin da ya fi yaudara shi ne inda yashi ya hau gudron ko daɓen simintin da ake shimfiɗawa a ƙorama, wanda muke kira radiye. Bayan ruwan sama ƙorama takan bar yashi da laka a kai, daga nesa kuma ba ka bambanta su da hanya. In radiye yana da ruwa mai gudu, wannan ba maganar kwana ba ce, maganar jira ce.

Goyo da kaya

Babur mai inji 125 da aka ƙera don mutum biyu, a wurinmu yana ɗaukar buhunan albasa, jarkokin ruwa, rago, wani lokaci iyali guda. Nauyi a baya yana sa tayar gaba ta yi sako-sako, birki ya ƙara nisa, kaya mai tsawo kuma yana jan babur ya faɗa cikin kwana fiye da yadda ka nufa. Ɗaure kaya ƙasa-ƙasa, nauyin dama daidai da na hagu. Jarka ko dai a cike ko babu komai, domin rabin jarka ruwanta yakan yi tambal-tambal ya ture ka a daidai lokacin da ka karkata.

Wanda ka goya, yi masa bayani kafin ku tashi, ko da ya girme ka. Da ladabi ake faɗa: "Baba, in mun zo kwana ku bi jikina, kada ku miƙe, kada ku sauke ƙafa." Fasinja mai tsoro yakan karkata waje lokacin da babur ya karkata ciki, sai babur ya ƙi juyawa. In mace ce ta zauna a karkace, ƙafafu gefe ɗaya, rage gudu ƙwarai. A tattare bakin zane da hijabi da babbar riga, kada su kusanci sarƙa ko wayoyin taya.

In ka riga ka shiga da gudu

Zai faru wata rana, ko ga mai hankali. A 1981 wani malamin Jami'ar Kudancin Kaliforniya, Harry Hurt, ya fitar da sakamakon binciken haɗurran babur 900 a yankin Los Anjelas. A haɗurran da babur shi kaɗai ya faɗi ba tare da karo da wata mota ba, wajen kashi biyu cikin uku kuskuren mai tuƙi ne, kuma kuskuren da ya fi yawa shi ne wuce gona da iri wajen birki, ko fita daga hanya a kwana saboda gudu ko kasa karkatar da babur yadda ya kamata. Ƙasarsu daban, hanyarsu daban, amma hannun ɗan Adam in ya firgita iri ɗaya ne.

Tsoro zai ce maka ka damƙe birki, ka sandare, ka dubi ramin da ke gefe. Ukun nan duk ƙarya ne. A gudron, ɗauke ido ka kai shi mafita, ƙara tura hannun ciki, domin yawanci babur yana da sauran karkata fiye da yadda mai koyo yake zato. In dole sai ka tsaya, kamar saniya ta tare hanya, kuma akwai sarari a gabanka, fara miƙar da babur tukuna sannan ka kama birki biyu. A tsakuwa ƙarin karkata ba shi da tabbas, miƙewa da rage gudu a hankali ya fi. Hular kwano, wadda muke kira kaske, ranar nan ce ranarta, in an ɗaure igiyarta a haɓa. Wadda aka rataye a madubi madubin take karewa.

Aikin gwaji

Ku nemi fili mai tauri, ba yashi, ba yara. Kowa da kaske da takalmi rufaffe. Ku jera gwangwani shida a layi, taki goma tsakanin kowane biyu, ku riƙa ratsa su a giya ta biyu, ido a kan gwangwanin gaba, ba wanda ake wucewa ba. Bayan haka ku zana da'ira biyu da toka, manne da juna kamar lamba 8, kowace mai faɗin taki goma sha biyar. Mutum ɗaya ya tsaya a tsakiyar kowace da'ira yana ɗaga yatsu, mai tuƙi kuma ya riƙa faɗin yatsu nawa ya gani. Wanda ya kasa faɗa, ƙasa yake kallo.

Tambayoyin tattaunawa a aji: In kwana tana neman awo ɗaya na kamun taya a gudun kilomita 20, awo nawa za ta nema a gudun 40? Me ya sa rabin jarka ta fi cikakkiya wahalar ɗauka? Kowa ya kawo sunan kwana ɗaya tsakanin garinsu da kasuwar Tamaske wadda aka san ana faɗuwa a cikinta, ya zana ta a allo, ya nuna inda tsakuwa take taruwa, abin da ke tare gani, da daidai inda ya kamata a saki birki.